Insha'in Neman Shiga Jami'a a Amurka: Bayani ga Hakimai da Malamansu a Kan Zaɓen Batu

Tun da daɗewa al'ada ce, idan takarda ta gagari mutum, sai ya ɗauke ta ya nufi ƙofar Hakimi. Takardar gona, ta gado, ta neman aiki, ta shaidar asali, duk nan a ke kawo su, malamin Hakimi ya karanta, ya fassara, in ta kama ya rubuta amsa. To, akwai wata irin takarda da za ta iya zuwa ƙofar nan wadda ba ta yi kama da sauran ba. Yaro ko yarinya sun gama sakandare da sakamako mai kyau, suna neman shiga wata jami'a ta Amurka, an ce su rubuta insha'i a kan kansu, uban kuwa ya rasa inda zai kama, ya kawo maganar domin neman shawara.

An shirya wannan bayani ne domin Hakimi da malaminsa su san mene ne wannan insha'i, su kuma san shawarar da ta dace su bayar a kan abu guda, watau zaɓen batun da yaro zai yi rubutu a kai. Gama a nan ne galibi a ke ɓata aikin tun ba a ɗora alƙalami a kan takarda ba. Abin kuwa ba na wasa ba ne. Kuɗin karatu da na abinci da na kwana a waɗansu manyan jami'o'in Amurka ya haura dala 80,000 a shekara guda, abin da ko attajiri sai ya yi da gaske. Saboda haka mai nema daga gidan talaka ba gurbin karatu kaɗai ya ke nema ba, har da taimakon kuɗi. Guraben taimako kuwa kaɗan ne, masu nemansu daga kowace kusurwa ta duniya su ke.

ABIN DA A KE NEMA

A Nijeriya, tun da aka kafa hukumar JAMB a 1978, ƙofar shiga jami'a jarrabawa ce. Yaro ya sami maki, makin ya yi magana a madadinsa, ba mai tambayarsa yadda ya ke kwana ko yadda ya ke tashi. A Amurka ba haka ba ne. Kowace jami'a ita ke zaɓen ɗalibanta, manyan cikinsu kuwa su kan duba abubuwa da dama a haɗe: sakamakon makaranta na shekarun ƙarshe, da wasiƙun shaida daga malaman da suka koyar da yaron, da jerin ayyukan da ya yi a wajen aji, a waɗansu wurare da makin jarrabawar SAT ko ACT, sa'an nan da insha'in da ya rubuta da kansa.

Yawancin masu nema su kan bi ta wata takarda ta tarayya mai suna Common Application. Kwalejoji 15 suka fara ta a 1975, yau kuwa masu karɓarta sun haura 1,000. A ta intanet a ke cika ta, a kan buɗe ta ran 1 ga Agusta kowace shekara. Masu son a duba nasu da wuri su kan miƙa kafin 1 ko 15 ga Nuwamba, saura kuma a farkon Janairu. Insha'in da ke cikinta da Turanci a ke yinsa, bai kasa kalmomi 250 ba, bai wuce 650 ba, kuma shi ɗin guda a ke aika wa dukan jami'o'in da yaro ya zaɓa. Kalma 650 kuwa ba ta wuce shafi guda da 'yan layuka ba.

An ba da tambayoyi bakwai, mai nema ya ɗauki ɗaya. Ta farko tana neman labarin asalin mutum, ko wata baiwa ko sha'awa tasa wadda in ba a san ta ba, ba a san shi ba. Akwai ta wahala ko faɗuwa da abin da aka koya daga gare ta. Akwai ta lokacin da mutum ya yi jayayya da wani ra'ayi da ya tarar. Akwai ta alherin da wani ya yi masa ba zato, wadda aka shigar a 2021. Akwai ta abin da ya faru ya ƙara masa hankali, da ta abin da ke ɗauke masa hankali har ya manta da lokaci. Ta bakwai kuwa ta sakar masa linzami, ya rubuta a kan duk abin da ya ga dama. An taɓa cire ta a 2013, aka komo da ita a 2017. Tun da ya ke tana nan, ɓata lokaci ne yaro ya zauna yana auna tambayoyin nan kamar mai zaɓen tambaya a ɗakin jarrabawa. Labarinsa zai fara nema. In ya same shi, ba zai rasa tambayar da za ta ɗauke shi ba.

Kada a haɗa wannan da tsarin waɗansu wurare. Jami'ar Kalifoniya tana da tata takarda dabam, mai tambayoyi 8, a amsa 4, kowace amsa kada ta wuce kalmomi 350. A Ingila kuwa, inda a ke bi ta hukumar UCAS, abin da a ke so shi ne bayanin fannin da mutum zai karanta da shirin da ya yi masa, cikin haruffa 4,000, waɗanda aka raba wa tambayoyi uku tun daga masu shiga a 2026. Insha'in da ya dace da Amurka ba lalle ne ya dace da Ingila ba.

ASALIN AL'ADAR, DA WANDA KE KARANTAWA

Asalin wannan al'ada ba mai daɗin ji ba ne. A farkon ƙarni na 20, jami'o'in Harvard da Yale da Princeton da jarrabawa su ke ɗaukan ɗalibai, kusan kowa ya ci ya shiga. Sai 'ya'yan Yahudawa baƙin haure suka riƙa cinyewa, har ya zama a 1922 sun haura kashi ɗaya cikin biyar na sababbin ɗaliban Harvard. Shugaban jami'ar na lokacin, A. Lawrence Lowell, ya nemi a ƙayyade yawansu a fili, ba a yarda ba. Daga nan aka ɓullo ta wata hanya, aka ce ba maki kaɗai za a duba ba, har da hali. Aka shiga neman wasiƙun shaida, da hoto, da bayanin iyaye, da rubutun mai nema a kan kansa. Wani malamin ilmin zaman jama'a, Jerome Karabel, ya bi diddigin wannan tarihi cikin littafinsa The Chosen na 2005. Nufin da aka ƙago abin dominsa ya shuɗe, amma kayan aikin sun saura, kuma har yanzu abin da a ke nema cikin insha'i shi ne hali, ba ilmi ba. Ilmi an riga an gan shi a takardar sakamako.

Mai karantawa kuwa ba shaihin malami ba ne zaune da shayi yana jin daɗin Turanci. Ma'aikaci ne na ofishin ɗaukan ɗalibai, takardu sun yi masa tsibi. A 2022 mutum fiye da 61,000 suka nemi shiga Harvard, waɗanda aka ɗauka ba su kai 2,000 ba. A 2018 jaridar Wall Street Journal ta ba da labarin cewa a waɗansu manyan jami'o'i minti 8 ko ƙasa da haka a ke yi a kan takardun mutum guda, duka da duka, a dubawar farko. Mafi yawan masu nema kuma makinsu mai kyau ne. Saboda haka tambayar da ke zuciyar wannan ma'aikaci ita ce: wane ne wannan yaro, yaya ya ke tunani, in an sa shi ɗaki ɗaya da wani, ko aji ɗaya da mutum 15, me zai kawo?

BATUTUWAN DA KE ZUWA DA FARI

Batun da ya fara zuwa wa mutum a rai galibi shi ne wanda ya fara zuwa wa kowa. Ga malamin Hakimi kuwa akwai wani tarko na musamman, gama hannunsa ya saba da wasiƙar roƙo: gaisuwa, da ban girma, da yabon wanda a ke rubuta wa, kana buƙata ta zo daga ƙarshe. Wannan tsari yana da kyau a muhallinsa. A nan kuwa gaisuwa kaɗai sai ta cinye kalma 100, buƙatar kuma an riga an san ta. Daɗin daɗawa, tun da ya ke insha'i guda ne ke zuwa ko'ina, wanda ya yabi wata jami'a da sunanta, wata jami'ar ce za ta karanta yabon kishiyarta.

Na biyu shi ne asali. Yaron gidan sarauta ko gidan malanta zai so ya jero salsalarsa, uban ma zai so haka. Asali abin riƙo ne, amma a idon mai karatu wannan labarin kaka ne, ba na jika ba. Haka kuma yabon mahaifiya, ko da ya ke gaskiya ne, kuma ya cancanta. Sai mai karatu ya kai ƙarshen shafi yana sha'awar uwar, alhali kuwa ba ita ke neman shiga ba.

Akwai kuma irin insha'in jarrabawar WAEC, wanda yaro ya yi shekaru yana koyo: matsalar rashin aikin yi, kwararowar hamada, illar cin hanci, da dalili uku da magani uku. Ɗan shekara 17 ba shi da abin da zai faɗa a kan waɗannan wanda babu shi a jarida. Ƙanen wannan shi ne alkawarin zama likita a komo a taimaki jama'a. Niyya ce mai kyau, Allah ya cika ta, amma alkawari ba shaida ba ne, kuma yaron Gana da na Kenya da na Indiya duk suna iya rubuta ta da kalmomi iri ɗaya.

Wanda ya fi bukatar a tsaya a kansa shi ne labarin wahala. Ba a rasa masu ba da shawara da za su ce wa yaro, tun da daga Afirka ya fito, ya baje talaucinsa, ya ƙara masa gishiri, wai tausayi zai buɗe masa ƙofa. Gaskiya ne tambaya ta biyu ta yarda a rubuta wahala. Wanda ya rasa uba yana ƙarami, ko wanda tashin hankali ya kore su daga ƙauyensu ya yi shekara ba makaranta, in ransa ya so ya rubuta, yana da iko, kuma a kan sami insha'i mai ƙarfi daga irin wannan. Amma ƙarfinsa ba daga girman masifar ya ke fitowa ba, gama masifa ba yaron ya yi ta ba, sauka ta yi a kansa. Abin da ya yi bayan ta sauka shi ne nasa. Idan aka auna shafin aka ga kashi biyu cikin uku kuka ne, kashi ɗaya aiki, to, ya kamata a juya ma'aunin. Kada kuma a matsa wa yaro ya tone abin da bai shirya tonewa ba. Takardar tana da fili dabam inda a ke bayyana uzurin da ya taɓa karatu, a taƙaice ba ado. Halin aljihun iyaye kuma yana da nasa takardu, irin su CSS Profile, inda lissafi a ke so, ba hawaye ba. Hakimi yana da ruwa a cikin wannan magana, domin yaron da ya ƙaga yunwar da babu ita, ba kansa kaɗai ya yi wa ƙarya ba, har da gidansu da gundumarsu.

KUNYA DA SHAIDA

Idan aka zaunar da yaron da ya sami tarbiyya aka ce ya faɗi abin da ya iya, sai ya sunkuyar da kai. An rene shi a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma ba a yi kuskure ba. Waɗansu su kan ɗauka cewa insha'in nan yana neman yaro ya yar da kunyarsa ya yi wa kansa kirari. Ba haka ba ne. Masu karatun ma ba su son mai kirari.

Malamin Hakimi ya fi kowa sanin maganin wannan. Mai shaida a gaban Alƙali ba ya cewa shi mai gaskiya ne. Ya kan faɗi abin da ya gani, da ranar, da wurin, da wanda ke tsaye kusa, Alƙali ne zai auna gaskiyarsa. Haka kuma rahoton rangadi. Wanda ya ce jama'a suna cikin matsanancin hali bai faɗi kome ba. Wanda ya ce rijiya uku cikin biyar sun ƙafe a ƙauye kaza, mata suna fita tun asuba ba su komowa sai hantsi, shi ne ya yi rahoto. Insha'in neman shiga jami'a shaida ne, ba yabo ba. Yaro zai faɗi abin da ya faru da abin da ya yi tunani, ya bar wa mai karatu hukunci. Mai kunya yana iya yin wannan ba tare da ya saɓa wa tarbiyyarsa ba, hasali ma sau da yawa ya fi mai surutu iyawa, gama mai shiru ya fi lura.

YADDA A KE TONO BATU

Aikin malami a nan tambaya ne. Kada ya ce wa yaro, me kake so ka rubuta? Ya tambaye shi: wane aiki ne a gidanku in ya taso ba wanda a ke kira sai kai? Me ka taɓa ɓatawa, yaya ka yi da shi? Wane abu kake yi wanda ba mai sa ka, ba mai biyanka? Yaushe ka taɓa tabbata kana da gaskiya, daga baya ka ga ba ka da ita? A yi hirar da Hausa, gama a harshen da abu ya faru a nan ya ke ɓoye. Yaron ya riƙa rubuta abin da ya tuna, ƙanana da manya, har mako guda, kada a zaɓi kome a ranar farko.

A ɗauka, alal misali, ga wata yarinya ta zo da niyyar rubutu a kan ilmin 'ya'ya mata a Afirka. Da aka yi ta tambaya sai ta ambata, kamar abin da bai kai a faɗa ba, cewa mahaifiyarta uwar adashe ce ta mata 20, ba ta karatun boko, ita ce ke riƙe mata littafin zubi tun tana aji biyar na firamare. Wata rana tana duba littafin sai ta lura cewa adashe ba daidai ya ke ga kowa ba. Wadda ta kwasa da fari bashi ta samu ba ruwa, wadda ta kwasa a ƙarshe kuwa ajiya ta yi wa mutane, kuɗin kuma ya zo mata bayan farashin hatsi ya tashi. Ta yi lissafin da mudun gero, ta kai wa mahaifiyarta, ta ce a riƙa juya jerin kwasa kowane zagaye. Matan suka yi mata dariya. Wata tsohuwa daga cikinsu ta ce mata ita da gangan ta ke zaɓen ƙarshe, domin in kuɗin ya shigo hannunta da wuri ba zai kai lokacin bikin jikarta ba. Yarinyar ta koma ta sake duba littafin, ta ga lissafinta daidai ne, amma akwai abin da bai ƙidaya ba.

Wannan shi ne batunta. Yana da wuri, yana da mutane, yana da rana guda da abu ya faru, ya kuma shiga kalma 650. Mai karatu zai ga basirar lissafi, da amana, da ƙarfin halin yin magana gaban manya, da iya karɓar gyara, ba tare da ta kira kanta mai hazaƙa ko sau ɗaya ba. Maganar ilmin mata da ta zo da ita kuma tana nan a ciki, ta shiga ba sallama.

Ko kuwa yaron da injin ban ruwa na mahaifinsa ya mutu a fadama, ya kwance shi da gadara, ya kasa mayarwa, tumatir yana yaushi kwana biyu, har ya koyi jera kowane ƙarfe a kan buhu bisa yadda ya cire shi. Wannan ya fi shafi goma na cewa yana sha'awar aikin injiniya.

Ɗan Hakimi ma yana da abin da ya fi salsala. Ya tashi a bakin zaure yana jin yadda a ke sasanta mutane. A ce ya taɓa jin ƙarar wani manomi a kan makiyayi, ya yanke hukunci a zuciyarsa tun kafin makiyayin ya buɗe baki, sa'an nan ya bi wakilan da aka aika duba ɓarna, ya ga da idonsa gonar ta ci rabin burtali. Abin da ya faru a zuciyarsa a hanyar komowa gida, shi ne insha'in. Sarautar gidansu za ta fito a layi guda, domin a gane dalilin zamansa a zauren, ba don ado ba. Sai dai sirrin masu ƙara amana ne, ba a ambaton sunansu ko na ƙauyensu.

Wanda ya haddace Alƙur'ani yana iya tambaya ko ya halatta ya rubuta a kan haka. Yana iyawa, ba abin da ya hana. Amma ya tuna ba wa'azi aka tambaye shi ba. Wankin allo, da dafa tawada, da tilawar dare, da yadda ya gano hanyar da ƙanensa mai nauyin harda zai riƙe aya, waɗannan su ne za su nuna wa baƙo yadda wannan karatu ya gina shi. Haka maganar ƙabila da launin fata. Ran 29 ga Yuni 2023 Kotun Ƙoli ta Amurka ta hana jami'o'i fifita mai nema saboda launinsa, amma Alƙalin Alƙalai John Roberts ya bayyana cewa ba a hana su duba abin da mutum ya rubuta a kan yadda launinsa ya shafi rayuwarsa ba, muddin an danganta shi da halinsa ko iyawarsa shi kansa. Watau ko a shari'a, cewa ni ɗan kaza ne ba ya isa. Sai an nuna abin da zama ɗan kazan ya sa mutum ya aikata.

In an sami batu biyu ko uku an rasa na ɗauka, ga ma'auni mai sauƙi. A rufe sunan yaron, a tambaya: cikin 'yan ajinsu akwai wani da zai iya sa hannu a ƙarƙashin wannan labari ba tare da ya yi ƙarya ba? In akwai, batun bai nuna ba tukuna. Sa'an nan a duba ko yaron da ke ƙarshen labarin ya bambanta da na farkonsa, ko da kaɗan. A kuma duba kada ya zama maimaicin abin da ke wani wuri cikin takardar, gama akwai fili na ayyuka har 10, da na kyaututtukan makaranta. Wanda ya zama shugaban ɗalibai ko ya ci gasar muhawara, can zai rubuta. Batutuwan da suka rage ba su zama asara ba, domin jami'o'i da yawa suna ƙara nasu gajerun tambayoyi, kamar dalilin da ya sa mai nema ya zaɓe su, a nan ne kuma ambaton sunan jami'a ya ke da muhalli.

Kalmomi irin su adashe da fadama da burtali, a bar su da Hausarsu cikin Turancin, a bi su da gajeren bayani. Mai karatu bai san su ba, amma rashin saninsa ba aibu ba ne ga insha'in, shi ne ma zai sa ya gyara zama. Abin gudu shi ne manyan kalmomin ƙamus waɗanda yaron bai taɓa furtawa da bakinsa ba.

IYAKAR TAIMAKON MALAMI

A sauran takardu, malami ya rubuta, mai takarda ya sa hannu ko ya dangwala, ba laifi. A wannan kuwa laifi ne babba. Mai nema yana tabbatarwa a ƙarshen takardar cewa abin da ya miƙa aikinsa ne, kuma gaskiya ne. Dokar Common Application ta lissafa miƙa rubutun wani a matsayin na kai cikin zamba, ko mutum ne ya rubuta, ko manhajar kwamfuta mai ƙirƙirar rubutu. Jami'a tana da ikon janye gurbin da ta bayar in ta gano, ko da yaron ya riga ya fara karatu. Ko ba a gano ba ma, rubutun dattijo ba ya ɓuya a bakin ɗan shekara 17, kuma masu karatun suna da makin Turancinsa da wasiƙun malamansa a gabansu, suna gwadawa. Uban da aka ce ya kawo kuɗi a sayar masa da shiryayyen insha'i, ya kamata Hakimi ya gaya masa a fili cewa abin da zai saya an riga an sayar wa wani.

Abin da ya halatta ga malami shi ne ya yi tambaya, ya saurara, ya karanta abin da yaro ya rubuta, ya nuna masa inda bai gane ba, da inda ya ji kamar ba muryarsa ba ce. Gyaran nahawu kaɗan ba laifi, malamin Turanci na makarantar yaron ya fi dacewa da shi. Gwamnatin Amurka kuma tana da ofisoshin ba da shawara ga masu neman karatu, mai suna EducationUSA, a Abuja da Legas. Dokokin bizar ɗalibai su kan canza, saboda haka lalle ne iyaye su nemi bayanin halin da a ke ciki daga ofishin jakadanci kafin su kashe kuɗin jarrabawa ko na takardu.

Lokacin da ya dace a fara tono batu shi ne dogon hutu na damina, kafin a buɗe takardar a Agusta, domin rubutun farko ya sami mako biyu ko uku yana ajiye kafin a sake dubansa. Idan labarin ya taɓa wani, kamar mahaifiyar yarinyar nan da matan adashenta, sai a karanta musu shi da Hausa, a nemi yardarsu kafin a aika. Yaron kuma ya riƙe kwafinsa, gama waɗansu jami'o'i su kan sa tsohon ɗalibinsu ya yi hira da mai nema ta waya ko ta intanet, kuma ba mamaki hirar ta biyo ta kan littafin zubi ko injin ban ruwa.